Baffa Direba Bai Yi Gudu Ba

Ranar Talata, goma sha biyu ga watan Agusta, 2025, wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, Allah ya karɓi ran Malam Baffa Idrisu Challawa, direba, a kan hanyar Panshekara, a kwanar da ke gaban Zawaciki. Ya rasu yana da shekara hamsin da takwas, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya shida. An yi jana'izarsa bayan la'asar a ƙofar gidan da aka haife shi. Ni mai wannan rubutu sunana Irmiya Ɗanjuma, mutumin Zonkwa, bakaniken masana'antar fatar da Baffa ya yi wa tuƙi shekara ashirin da shida. Motar da ya mutu a cikinta daga hannuna ta fita.

Baffa, na so in rubuta maka ta'aziyya irin ta kowa, in ce kai mutumin kirki ne, in yi addu'a, in ajiye biro. Na gwada sau uku na yaga takardar. An riga an rubuta wani abu a kanka, an buga masa hatimi, an liƙa a allon sanarwa kusa da get, inda duk ma'aikaci zai gani da safe. Sun ce gudun wuce sa'a ne ya jawo haɗarin. Sun ce direban bai kula da yanayin hanya ba. Mutanen da ko lambar tayar motar ba su sani ba, su ne suka zauna a ƙarƙashin iyakwandishan suka yanke maka wannan hukunci, kwana biyu bayan an rufe ka. Saboda haka wannan ta'aziyya ba za ta yi wa wasu daɗi ba, kuma ban rubuta ta don ta yi musu daɗi ba.

Na zo Challawa a 2001 da akwatin sifana da wando biyu. Kai ne mutum na farko da ya yi mini faɗa a masana'antar nan. Na gyara maka birki, na bar baƙin mai a sitiyari, ka kira ni a gaban mutane ka miƙo mini tsumma, ka ce, "Malam, idan ka gama da cikinta sai ka gama da wajenta." Na ji haushinka har mako guda. A mako na biyu ka shigo gareji da gurasa da ƙuli-ƙuli a takarda, ka zauna a kan tsohuwar taya, ka ce in wanke hannu. Daga ranar ba mu ƙara cin abincin rana a rabe ba, sai a watan azumi, shi ma ni nake ɓuya a bayan janareta in ci nawa don kada in ci a gabanka, kai kuma kana sane, kana yi mini dariya.

Ba ka kunna rediyo idan kana tuƙi. Masu shiga motarka suna ƙorafi, ka ce kana sauraron inji. Sau nawa ka zo mini ka ce akwai wata ƙara a ƙafar baya ta hagu, in saurara in rasa, in kwance in tarar da boris, ƙarfen da taya take juyawa a kansa, ya fara ci. A shekara ashirin da shida ba ka taɓa fasa ko fitilar baya ba. Direbobin Sharada suna yi maka tsiya, suna cewa mai keke ma yana wuce Baffa. Wannan mutumin ne aka ce gudu ya kashe shi.

Da mahaifina ya rasu a asibiti a nan Kano, ban san inda zan sa kaina ba. Kai ka nemi hutun kwana biyu, ka aro motar wani maƙwabcinka, ka ɗauki gawar da ni da matata Alheri har Zonkwa. Da muka shiga coci ka shimfiɗa tabarmarka a gindin mangwaro, ka yi azahar, ka yi la'asar, kana nan zaune har aka gama. Tsofaffin garinmu har yau idan na je sai sun tambaye ni, "Ina Bahaushen nan naka?" Ban san bakin da zan ba su amsa da shi ba a Kirsimetin bana.

Da damina kuwa, ma'aikatan da suke sauka daga aiki a jiƙe sun san idan suka hango motarka sun tsira. An hana ɗaukar kowa, kai kuma kana tsayawa a bayan kwana inda maigadi ba ya gani, mata su shiga gaba, maza su hau baya, ka sauke su a Kumbotso ko Na'ibawa. An ba ka takardar gargaɗi a kan haka sau biyu. Ka ninke su ka sa a ƙarƙashin kujera.

Yanzu bari in faɗi abin da ya faru da motar, dalla-dalla, don wanda bai san ƙarfe ba ma ya gane.

Motar fikof ce mai jan ƙafa huɗu. Aikinta kullum ɗaya ne: ta ɗauki samfurin fata daga Challawa zuwa ofishinmu na Bompai, ta biya Sharada ta ɗauko kayan gyara, ta dawo. Kwalta ce daga get zuwa get. Sau biyu ko uku a shekara take zuwa gonar Alhaji, mai masana'antar, can bayan Kura. Alhaji ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi, ya miƙa ragamar komai ga ɗansa Aminu, wanda aka haifa Baffa yana da shekara uku a bakin aiki. A watan Yuni Aminu ya ɗebi abokansa zuwa gonar, ya karɓi tuƙin da kansa, ya ƙi bin hanyar tudu da Baffa ya nuna masa, ya kutsa cikin fadama. Motar ta kafe. Manoma suka taru suka tura ta, wasunsu suna dariya, abokan nasa suna ɗaukar hoto. Wannan dariyar ita ce asalin komai. Da ya dawo bai ce shi ne ya yi kuskure ba, sai ya ce motar ce ba ta da ƙarfi.

A tsakiyar aksil na baya, wato sandar da ta haɗa tayoyin baya biyu, akwai wani ƙoƙon ƙarfe cike da haƙora, mu makanikai muna ce masa dif. Shi yake raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya biyu. Idan mota ta shiga kwana, tayar waje tafiyarta ta fi ta ciki nisa, dole ta fi ta saurin juyawa, kuma dif ne yake ba ta wannan damar. Aibinsa ɗaya ne: idan taya ɗaya ta faɗa taɓo, sai ta yi ta juyawa a banza, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa tana tsaye. Maganin wannan iri biyu ne. Akwai dif mai sassauci, wanda idan taya ɗaya ta fara sulɓi sai ya ɗan riƙe ta ya tura wa ɗayar ƙarfi, amma ba ya ɗaure su tamau. A kwalta direba da ƙyar zai san yana nan. Akwai kuma loka, mai ɗaure tayoyin biyu su juya kamar abu ɗaya. Wata lokar tana da maɓalli, sai direba ya ga taɓo ya danna. Wata kuwa ita take kulle kanta da zarar an taka totur, ko a daji ko a tsakiyar gari. Wannan ta ƙarshen ita Aminu ya sa aka kawo masa daga Legas, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ya kira mu ofishinsa, ni da kai, Baffa, kwalin lokar yana kan tebur. Na duba, na ce, "Yallaɓai, wannan ta masu hawa dutse ce. Motar nan Bompai take zuwa. Ku bari a sa mata mai sassauci, zai fitar da ita daga irin taɓon gona, kuma ba zai dame ta a kwalta ba. In kuwa loka kuke so lallai, a nemo mai maɓalli."

Ya juyo mini da fuskar wayarsa, wasu Turawa suna hawa tsauni da mota. Ya ce, "Baba Irmiya, duniya ta wuce inda kuka tsaya. Mai sassaucin nan rabin aiki ne. Ni ba na son abin da zai riƙe rabi ya saki rabi."

Na ce masa bayan fikof ba shi da nauyi idan babu kaya. Na ce idan tayoyin suka ɗaure a cikin kwana, kwalta tana jiƙe, bayan motar zai zame ya nemi wuce gabanta. Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Turancin da nake da shi.

Kai kuma ka ce, a hankali kamar yadda ka saba, "Yallaɓai, ku bar mini ita yadda na san ta. Ranar zuwa gona sai mu bi ta tudu."

Ya ce, "Malam Baffa, tuƙi aka ɗauke ka, ba shawara ba."

Na ga ka sunkuyar da kai kana kallon takalminka. Yaron da ka riƙa kaiwa makarantar firamare, kana tsayawa ka saya masa rake a hanya, shi ya gaya maka haka.

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi a bayan na wani ba. Na ɗauki kwalin na tafi gareji na sa ta. Saura mini shekara uku in ajiye aiki, na ji tsoron a ce tsoho ya fara gardama. Na gaya wa kaina Baffa ne zai tuƙa, Baffa ba ya gudu, ba abin da zai faru. Na ɗaure kowane noti da kyau. Ban taɓa yin aiki mai tsafta irin na ranar ba, kuma da na san abin da nake ɗaurewa da na jefa kwalin a kogin Challawa.

Da ka gwada ta ka dawo, ka daɗe a zaune ba ka kashe injin ba. Ka ce, "Irmiya, bayanta ba ya bin gabanta." A kowace kwana sai ta yi ƙara kamar an buga guduma a ƙarƙashinta, tayoyin suna kuka a kan kwalta. A mako shida tayoyin baya suka cinye kamar sun shekara. Sau uku ka je ka gaya wa Aminu. Na farko ya ce za ka saba. Na biyu ya ce ƙarar alamar ƙarfi ce. Na uku bai bari ka shiga ba, sakatare ya aiko ya ce maka yana mitin.

Kai ma ina jin haushinka, Baffa, kuma ka bar ni in faɗa. Me ya hana ka ajiye masa makullin a kan tebur? Kai da ka taɓa ƙin fita da babbar mota saboda birkin hannu, Alhaji da kansa ya sauko ya ba ka gaskiya. Na tambaye ka, ka ce Alhaji yana kwance, ba ka son a kai masa labarin cewa tsofaffin ma'aikatansa sun juya wa ɗansa baya. Ka ce za ka riƙa lallaɓa ta. Kunya da kara suka sa ka ci gaba da hawa abin da ka san ba shi da lafiya, kuma wanda ka yi wa karar bai san ma ana yi masa ba.

Ranar Talatar an wayi gari da yayyafi. Ka ɗauki Tabita, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwajenmu, za ka kai ta Bompai da samfuri a cikin ambulan guda. Bayan motar babu komai. Tabita tana raye, hannunta a karye, kuma na zauna a gefen gadonta ta ba ni labari da bakinta. Ta ce tana kallon allurar gudu domin ta makara, har tana cewa a ranta tsohon nan ba zai ƙara ba. Allurar ba ta kai hamsin ba. Kuna cikin kwanar sai wani mai adaidaita-sahu ya fito daga lungu, cike da mata, ya nufo gefenku. Ka ɗan taka totur don ka ba shi wuri. Ta ce ta ji ƙarar nan a ƙarƙashinsu, sai ta ga gidajen da ke dama sun koma hagu. Ka juya sitiyari, ka kauce wa adaidaitar, motar ta tafi a karkace ta daki bakin kwalbati ta ɓangarenka. Ta ce abin da ta ji ka faɗa na ƙarshe salati ne, da hannunka ɗaya a miƙe ka tare ta.

Babu wanda ya zo ya tambayi Tabita komai kafin a rubuta takardar da ke jikin allo.

Aminu, yanzu da kai nake. Na ga zuwanka wurin jana'iza, da baƙin tabarau, ka tsaya a sahun gaba inda za a gan ka. Na ji kana gaya wa dattawan unguwa cewa Baffa uba ne a wurinka. Washegari da safe ka kira ni bayan sito, inda aka ajiye motar a rufe da tamfol, ka ce in kwance lokar in mayar da tsohon dif kafin masu bincike su zo. Ka ce, "Baba Irmiya, wanda ya tafi ya tafi. Kada mu ɗaga wa Alhaji hankali." Sunan mahaifinka da Baffa ya mutu yana karewa, shi ka ɗauko za ka rufe bakina da shi. Na ce maka hannuna ya yi wa motar nan aikin ƙarshe. Ka ce in yi tunani a kan shekarun da suka rage mini. Na yi tunanin. Da masu binciken suka zo ni na ɗaga musu tamfol, na shiga ƙarƙashi da tocila na nuna musu abin da ke ciki, na ce ni na sa, kuma na faɗi wanda ya ce a sa. Takardar sallamata ta iso kafin azahar. Ban yi mamaki ba, a irin wannan aikin ba ka taɓa makara ba.

Ba don ka zaɓi ƙarfen da bai dace ba nake jin zafinka. Kowa yana kuskure a kan abin da bai sani ba. An gaya maka, mutum biyu masu furfura suka tsaya a gabanka suka gaya maka, ka zaɓi hoton waya. Da abin ya faru kuma, sai ka nemi wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba ka ɗora masa. Mutumin ya bar wa 'ya'yansa abu ɗaya da yake taƙama da shi, sunan direban da bai taɓa ɓata mota ba, shi ma ka sa hannu ka karɓe.

Ku kuma abokan aikinmu da kuka karanta takardar kuka wuce, kuna cewa a bar wa Allah: da yawanku kun hau bayan motar Baffa cikin ruwan sama. Kun ji ƙarar da take yi a kwanar get kowace safiya, har kuna tsokanarsa da ita. Ba na neman kowa ya rasa aikinsa kamar ni. Amma ko mutum ɗaya bai iya cewa "ba haka ba ne" ba, ko a wurin shan shayi.

Baffa, ranar sadakar bakwai na je gidanka. Babban ɗanka Abdullahi ya shigar da ni zaure, na ce ina son magana da mahaifiyarsa. Matarka Uwani ta zo ta zauna a bayan labule, tana cikin takaba. Na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rashi, sannan na gaya mata komai kamar yadda na rubuta a nan, ban rage nawa ba. Na ce, "Hannuna ne ya ɗaura abin. In kin ce kada in ƙara taka gidan nan, ba ki zalunce ni ba."

Abdullahi ya kafa mini ido, ban iya kallonsa ba. Sai Uwani ta kira ni da sunan 'yata, ta ce, "Baban Hannatu, shekara talatin da ɗaya ina aurensa. Ko a kan keke bai taɓa gudu da ni ba. Na san bai yi gudu ba. Abin da ban sani ba shi ne ko za a samu mai faɗa." Ta ce wa Abdullahi ya kawo mini ruwa. Na sha, ina jin kunyar kowane kurɓi.

Baffa, na faɗa yanzu, a makare. Da na yi wannan taurin kan a watan Yuni da kana nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Uwani, da Abdullahi, da Khadija, da Hadiza, da sauran ƙannensu, da 'yan'uwansa na Challawa da Kumbotso, da direbobin Sharada da Bompai da suka rufe motocinsu suka zo suka raka shi. Ina yi wa Tabita addu'ar samun sauƙi. Ina yi wa Alhaji ta'aziyya, domin ya rasa amintaccen da ba zai sake samun irinsa ba, ko an gaya masa ko ba a gaya masa ba. Aminu kuwa ba ni da ta'aziyyar da zan yi masa. Mota ya rasa, kuma na ji an riga an yi odar wata.

Allah ya jiƙan Malam Baffa Idrisu, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Allah ya saka masa da alherin duk wanda ya taɓa ragewa hanya. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya tsare musu sunansa daga bakin masu ƙarya. Ni kuma Allah ya yafe mini abin da hannuna ya ɗaura. Amin.

Irmiya Ɗanjuma
Na'ibawa, Kano